Sallama a Ƙofar Nafiou

Tun ranar da Nafiou ya ce zai gama digiri kafin azumi na fara kallonsa da gefen ido. Ba ɗan fari ba ne, don haka ina iya kiran sunansa, ina kuma iya faɗin halinsa ba tare da kunya ba. Yaro ne mai shiru-shiru, irin waɗanda ba ka sanin inda suka dosa sai ka ji an ce sun isa. A nan Riyad na haife shi, a gidan hayarmu na Al-Badi'a, kuma Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Maraɗi kuwa, garinmu ni da ubansa, sau ɗaya muka kai shi yana goye, sauro ya yi masa kaca-kaca, muka dawo.

Abin da ya sa maganar digirin ta yi nauyi shi ne iƙama, takardar zamansa a ƙasar nan. Tun haihuwarsa a ƙarƙashin ta ubansa yake, to yanzu shekarunsa sun kai inda aka ce ba za a sake sabunta masa a haka ba. Ko ya sami kafilin kansa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, kafin ta ƙare, jim kaɗan bayan ƙaramar sallah, ko ya tattara ya koma ƙasar da bai san ko hanyar masallacinta ba. Akwai wani kamfani da ke shimfiɗa wayoyin intanet a sababbin gine-ginen Dir'iyya. Sun gwada shi, mudirin, wato shugaban kamfanin, ya yaba da aikinsa, ya ce zai karɓi kafalarsa. Sai dai gurbin na mai digiri ne, Nafiou kuwa difloma kawai gare shi.

Maigidana, wanda 'yan kasuwar Utaiqa ke kira Alhaji Yacouba, a cikin dabino ya tsufa. Shi ke duba kaya a shagon kafilinsa kafin a saya, kuma babban abin da ya koya a aikin shi ne dabinon da ya cika sheƙi an shafa masa mai. Da wannan idon yake kallon komai, har da ni idan na cika fara'a da safe. Irin wannan mutum ne aka ce wa za a gama karatun shekara huɗu cikin ƙasa da shekara guda, a cikin ɗaki, ba malami ba allo.

Wata Juma'a muna cin abincin rana Nafiou ya yi ƙoƙarin yi mana bayani. Ya ce jami'ar a intanet take, kuma ba ta mayar da mutum baya. Darussan da ya yi a difloma an duba an karɓa. Satifiket ɗin aikin kwamfuta da ya ci jarrabawarsu an karɓa. Ya kuma yi wasu gajerun kwasa-kwasai a wani wuri, su ma an saka masa a ciki. Kiredit ake ce musu, ana ɗauko su daga can a zuba a nan, abin da ya rage masa kaɗan ne. Ba a kuma jiran ƙarshen zango, duk darasin da ka shirya sai ka zauna jarrabawarsa ka wuce. Da ya ga fuskar ubansa ko motsi ba ta yi ba, sai ya kawo misalin da yake ganin zai shiga: ɗalibin da ya yi nisa a hadda wurin wani malami, idan ya koma wurin wani, ai ba za a ce ya faro daga Fatiha ba.

Alhaji ya tsame hannu daga kwano. Ya ce wannan gaskiya ne, amma malami na biyu zai zaunar da ɗalibin a gabansa ya ji karatun da kunnensa, kuma ya san malamin farko, ya san wanda ya karantar da shi.

"Su waɗannan wa ya san su? Ina gininsu? Wa ka taɓa gani da idonka wanda ya gama a can?"

Nafiou ya buɗe waya ya nuna masa hoton wani dogon gini mai ciyawa a gaba. Alhaji ya ce shi ma zai iya tsayawa a ƙofar gidan wani a ɗauke shi hoto. Ya tambaya wa ke biyan kuɗin makarantar, aka ce yayarsa ce da ke aure a Jidda, sai ya ce to su biyu ke nan aka damfara.

Ba zan ce tsoron Alhaji na banza ne ba, amma akwai mai hura masa shi. Harouna amininsa ne, mutumin Damagaram, direba a gidan wasu Larabawa, kuma duk labarin da ya shigo Riyad da safe, kafin magariba ya bi ta bakinsa. Shi ya kawo labarin wani yaron garinsu da ya sayi takardar injiniya a intanet, ya yi aiki da ita har ya yi aure, rannan aka bincika aka gano ta jabu ce. Yaron ya yi zaman gidan yari, aka saka shi a jirgi, uban ma kafilinsa ya sallame shi saboda abin kunya. Harouna ya ba da labarin nan a falonmu ba sau ɗaya ba, kuma kullum zaman gidan yarin sai ya ƙara tsawo. Alhaji yakan saurara yana jan carbi, idonsa na kan ƙofar ɗakin Nafiou.

Ni kuwa nawa zargin daban ne. Wata rana na kai masa shayi, na tarar ƙofar ba ta gama rufuwa ba, sai na ji muryar mace tana Turanci daga cikin kwamfuta. Na tsaya, ai ba laifi uwa ta tsaya a ƙofar ɗanta. Sai na ga Nafiou ya ɗaga kwamfutar yana zagaye ɗakin da ita, ya nuna mata bango, ya nuna mata ƙarƙashin tebur, ya nuna bayan ƙofa. Ya juya ya nuna mata kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ciro iƙamarsa ya kai ta daidai idon kyamara. Ni da na ga samartaka iri-iri, ban taɓa jin budurwar da ta nemi ganin kunnen saurayi da ƙarƙashin teburinsa ba.

Da na titsiye shi daga baya, dariya ya yi. Ya ce mai tsaron jarrabawa ce, tana wata ƙasa tana kallonsa ta kyamara tun daga farko har ƙarshe, kuma kullum wata ake haɗa shi da ita, wani lokacin ma namiji. Kunnen ana dubawa ne kada ya saka abin da wani zai riƙa faɗa masa amsa. Ba a yarda wani ya shigo ba, ba a yarda ya yi magana ba, ko kallon gefe ya yi yawa sai a tsayar da shi. Bayanin ya shiga kunnena, amma bai sauka a zuciyata ba, domin mu a nan iƙama ba a nuna ta sai ga ɗan sanda. Na gaya wa Alhaji abin da na gani, kamar yadda nake gaya masa komai. Ya ce dama ya sani, ɓarayin intanet ne ke tattara takardun mutane, kuma shi ya sa yaron ke zaɓen lokacin da ba ya gida.

Haka muka zauna wata da watanni. Nafiou na fitowa yana cewa ya wuce wannan darasi, ya wuce wancan, mu kuma muna cewa masha Allah da baki kawai. Saurin wucewar ma shi ya ƙara ɓata abin. Da ya faɗi ko sau ɗaya, da wataƙila Alhaji ya ɗan yarda. Yaron ya rame, idonsa ya faɗa, ba ya fita sai masallaci. Ni na ce karatu ne, wani lokacin na ce soyayya ce. Alhaji ya ce haka mai ɓoye abu yake ramewa.

A cikin Sha'aban, wata safiya muna karin kumallo, Nafiou ya ce yau ce jarrabawar ƙarshe. Bayan la'asar zai shiga, idan ya fito da nasara an gama, takarda ce kawai za a jira. Ya roƙe mu kada kowa ya taɓa ƙofar, kada a kira shi, ko gobara ce a jira.

"Har ni?" in ji Alhaji.

"Har kai, Baba, don Allah. Yau kaɗai."

Alhaji ya shanye shayinsa, ya ɗauki hula ya fita kasuwa. Na san irin wannan fitar tasa, kuma hankalina bai kwanta da ita ba.

Bayan la'asar Nafiou ya shiga ya murza makulli. Na kashe rediyo, na cire takalmi, ko turmi ban taɓa ba. Ban daɗe da zama ba sai na ji ana buɗe ƙofar gida. Alhaji ne, a lokacin da bai saba dawowa ba, Harouna na biye da shi. Da yake da baƙo namiji, dole na ja mayafi na koma bayan labulen kicin. Daga nan na yi ƙasa da murya na tuna masa abin da yaron ya roƙa. Ya ce ba shiga zai yi ba, ba kuma ƙwanƙwasawa zai yi ba, sallama kawai zai yi. Idan karatu ne na gaskiya, wace makaranta ce a duniya za ta hana Musulmi amsa sallama? Harouna ya ce ƙwarai kuwa. A gaban baƙo ba zan ja da mijina ba, na ja bakina.

Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakin ya yi sallama ta farko da muryarsa ta kullum. Ba amsa, sai ƙarar madannan kwamfuta, ita ma ta tsaya. Ya jira, ya yi ta biyu da ɗan ƙarfi. Harouna ya yi gyaran murya, irin wanda ke nufin ai na gaya maka.

Kowa a gidan nan ya san abin da ke biyo bayan ta uku. Alhaji da kansa ya koya wa 'ya'yansa tun suna ƙanana: sallama uku ce, idan ba a amsa ba sai ka juya, ba a son ganinka ke nan. Na tabbata Nafiou na zaune a ciki yana ƙirgawa tare da mu. Ya ji gyaran muryar Harouna, ya san ubansa ba shi kaɗai ba ne. Ya kuma san idan Alhaji Yacouba ya juya daga ƙofar ɗan cikinsa a gaban Harouna, kafin isha'i duk 'yan ƙasarmu da ke Utaiqa sun ji.

Ta ukun ba da faɗa ya yi ta ba. Muryarsa ta sauka, kamar ta mai roƙo, ban taɓa jin ya yi wa kowa irinta ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duk a lokaci ɗaya. Na ji takalminsa ya ja ƙasa, ya fara juyawa.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Baba. Ina zuwa."

Nan take muryar macen ta tashi daga cikin ɗakin, da sauri, ba wasa a cikinta. Turanci ba na ji, amma na ji Nafiou na maimaita abu ɗaya, daga baya ya ce mini cewa yake yi ubana ne, gaisuwa ce kawai. Alhaji kuwa da ya ji muryar mace sai ya manta alkawarin da ya yi, ya buga ƙofar da tafin hannu ya ce a buɗe. Ita ma a can, ashe, cewa take ya nuna mata wanda ya yi magana da shi, da kuma yaren da ya yi.

Nafiou ya buɗe, kwamfutar na hannunsa tana kallon waje. Abin da matar ta gani shi ne dattawa biyu a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗaga waya ya saita ta daidai fuskar kwamfutar. Harouna ne, ya shirya ɗaukar hujja. Ta faɗi wata gajeriyar magana, fuskar kwamfutar ta koma fari fat.

Nafiou ya ajiye ta a kan gado. Ya durƙusa ya gaida Harouna, ya tambaye shi aiki da iyali da Hausarsa mai karyewa, sannan ya dubi ubansa.

"Halas, shi ke nan, Baba. Sun rufe."

Harouna ya ce ai dama marasa gaskiya ba sa son shaida, shi ya sa ta gudu. Ya sa wayarsa a aljihu, ya ce yana da ɗaukar yara daga makaranta, ya fita.

Washegari saƙo ya zo daga jami'ar cewa ana zargin an ba shi amsa daga waje, kuma an yi yunƙurin ɗaukar hoton tambayoyi. An dakatar da komai nasa sai kwamiti ya zauna. Nafiou ya karanta mana yana fassarawa, ba tare da ya ɗaga kai ba. Alhaji ya sa aka maimaita masa, ya tambaya ko ba su nemi a biya wani abu a wuce wurin ba. Nafiou ya ce babu wannan. Sai Alhaji ya ce masu sayar da takardar jabu ba sa kayar da mutum. Ranar ya yarda makarantar ta gaskiya ce, kuma na so in faɗa masa magana mai zafi, amma da na ga fuskarsa sai na fasa.

Daga nan ya tashi tsaye kamar zai gyara duniya. Ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya zauna a falo, ya sa Nafiou ya ɗauke shi bidiyo. Ya yi bayani da Larabci cewa shi ne uban, shi ya yi sallamar, amsa ta kuwa wajibi ne a addininmu, kuma bai san komai game da kwamfuta ba balle ya ba da amsa. Ya rantse, ya nuna tasa iƙamar ga kyamara da hannunsa, shi da ya ce ɓarayi ne ke tattara irinta. Nafiou ya rubuta fassarar ya aika. Alhaji kuma ya ɗauki kwalin dabino mafi kyau a shagonsu ya tafi Dir'iyya wurin mudirin kamfanin. Mudirin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi gahawa, ya ce in sha Allah za a duba. Mun daɗe a ƙasar nan, mun san in sha Allah ɗin da ke da ci gaba da wanda ba shi da shi.

Azumi ya shigo muna jira. Nafiou bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, bai fasa gaishe shi ba, tare suke zuwa tarawi su dawo. Wannan ne ya fi cin Alhaji. Ya ce mini da yaron zai yi masa rashin kunya sau ɗaya, da ya fi masa sauƙi. Ni kuma da na tambayi Nafiou me ya sa bai daure ya yi shiru ba, sai ya ce ya daure har biyu.

A goman ƙarshe amsar kwamitin ta zo. Sun ce sun kalli bidiyon, sun gode da bayanin, ba za su kore shi ba, kuma kiredit ɗinsa na nan ba a taɓa ba. Amma jarrabawar an soke ta, domin doka ba ta bambanta gaisuwa da wata magana ba, ga kuma wayar da aka ɗaga. Zai iya sake zama idan sabon zango ya buɗe, bayan babbar sallah. Iƙamarsa ba za ta kai ko kusa ba. Kamfanin kuwa ya ɗauki wani yaro ɗan Sudan tun kafin a ga watan Shawwal.

Ranar da aka yanke masa tikiti, bayan azahar, Alhaji ya kira yayansa Buraima a Maraɗi. Ya saba sa waya a lasifika, don haka ina jin komai daga inda nake ninke wa Nafiou kaya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yaron zai zo ya zauna a wurinsu. Ya roƙi a sama masa ɗaki mai ƙofa da makulli, inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba, inda waya ke kamawa sosai. Ya ce akwai ranar da zai shiga ya rufe, ranar kada kowa ya kusanci ƙofar, ko yaro ko babba, ko shi Yaya Buraima da kansa.

Daga can Maraɗi ana jin kukan awaki. Buraima ya ce shi ba ya son a rufe shi a duhu, domin mutane za su tambaya, shi ne kuma zai amsa. Saurayi kamar wannan, haihuwar Saudiyya, ba ya dawowa haka kawai, ga kuma zancen ɗaki da makulli.

"Yacouba, faɗa mini gaskiya. Me yaron nan ya yi aka koro shi?"

Alhaji ya dubi ƙofar ɗakin Nafiou, a buɗe take, yana ciki yana naɗe wayoyin kwamfutarsa.

"Bai yi komai ba, Yaya. Sallama na yi masa, ya amsa."